Addu'a da Hausa, tauhidi da Turanci: yadda na nemo wa Mama amsa a intanet

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba wayata ta yi ƙara a ɗakin da nake haya a Mitchellville, wata unguwa a gundumar Prince George's ta jihar Maryland, gabas kaɗan da birnin Washington. A Wusasa kuwa hantsi ya riga ya dubi ludayi, domin a wannan lokaci na shekara awa biyar ne tsakaninmu da gida. Saƙo biyu ne daga Mama a WhatsApp, ɗaya bidiyo, ɗaya murya.

Bidiyon na wani mai wa'azi ne da ban taɓa gani ba. Da Hausa yake magana, Hausa mai daɗi kuwa. Ya ce duk gidan da ciwo ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, to la'anar kakanni ce take bin jininsu, kuma ba ta karyewa sai an “shuka iri”, wato an tura kuɗi. Lambar asusun banki tana ta wucewa a ƙasan hoton.

Sai muryar Mama ta biyo baya: “'Yata, ki saurari wannan. Ke da kika yi karatu, ki faɗa mini tsakaninki da Allah. Ciwon ƙanenki, alhakin Babana ne? In haka ne, kuɗin maganin da kika turo, can zan kai?”

Ƙanena yana fama da sikila tun yana goye. Kakanmu kuwa, mahaifin Mama, Bamaguje ne daga ƙasar Katsina, ya daɗe yana riƙe da tsafin gidansu kafin ya karɓi bishara da furfura a kansa. Ni karatun digiri na biyu nake yi a fannin kiwon lafiyar al'umma, don haka amsar likitoci tana bakina: idan uwa da uba duka jininsu AS ne, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS. Sai dai Mama ta san wannan tun a asibiti. Tambayarta a kan Allah ce, ko Yana riƙe da ɗanta saboda laifin wani.

Na danna zan amsa, sai na ji bakina ya yi nauyi. Da Hausa na koyi addu'a, da Hausa na tashi ina rera waƙoƙin sujada, amma duk wata hujja da na taɓa karantawa game da bangaskiyata da Turanci ta zo mini. A nan kewayen Mitchellville da Bowie da Largo majami'u suna da yawa, 'yan Najeriya ma haka. Waɗanda na halarta dai wa'azi da Turanci ne, waƙa da Yarabanci ko Ibo, wani lokaci a sa guda ta Hausa don armashi. Babu wani dattijo da zan durƙusa gabansa in ce, “Baba, yaya ake faɗin wannan da harshenmu?” Na ce wa Mama ta ba ni mako guda, kada ta taɓa kuɗin. Daga nan na shiga intanet. Abin da na tarar shi ne nake so in raba da masu karatu, Kirista da Musulmi.

Littafin kansa yana nan, kyauta

Abin farin ciki na farko shi ne, Littafi Mai Tsarki da Hausa ba ya wuyar samu. Manhajar YouVersion, wadda wata majami'a mai suna Life.Church a jihar Oklahoma ta fito da ita a 2008, kyauta ce, kuma akwai fassarar Hausa fiye da ɗaya a cikinta. Biyu na fi amfani da su: ta Ƙungiyar Littafi Mai Tsarki ta Najeriya, wadda ta fito wajajen 1980 kuma da ita akasarinmu muka tashi, da Sabon Rai Don Kowa ta ƙungiyar Biblica, wadda aka sabunta a 2020. Ana iya jera fassara biyu a duba aya ɗaya a cikinsu. Mai karatu zai lura da bambanci tun daga sunaye: bishara ta huɗu Yahaya ce a ɗaya, Yohanna a ɗayar; nan Almasihu, can Kiristi. Wanda bai san haka ba zai iya neman Yahaya ya rasa, ya zaci an cire littafin.

Wannan sauƙi yana da tarihi mai tsawo a bayansa. Wani Bajamushe ɗan mishan, J. F. Schön, wanda ya bi ayarin kogin Kwara na 1841 tare da Samuel Ajayi Crowther, shi ya fara fassara sassan Littafi zuwa Hausa. Bisharar Matiyu tasa ta fito a 1857, kuma ya sami taimakon Dorugu, yaron nan Bahaushe da ya bi Heinrich Barth zuwa Turai. Daga baya Dokta Walter Miller ya zauna a birnin Zariya daga 1905, aka mayar da mishan ɗin Wusasa a 1929, cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa kuma ya fito a 1932. Ana samun wasu tsofaffin littattafan Schön a rumbun Internet Archive, ga mai son ya ga yadda ake rubuta Hausa shekara ɗari da hamsin da suka wuce. Ƙamus ɗin G. P. Bargery na 1934 shi ma an ɗora shi a intanet, kuma ya fisshe ni sau da dama idan na ci karo da tsohuwar kalma.

Idanun Mama sun fara rauni, karatu a waya yana ba ta wahala. A nan ne sauti ya yi rana. Manhajar Bible.is ta ƙungiyar Faith Comes By Hearing da ke Albuquerque tana da Sabon Alkawari da Hausa a murya. Akwai kuma fim ɗin Yesu na 1979, wanda aka gina a kan bisharar Luka, an juya shi zuwa Hausa, ana kallonsa kyauta. Saurare dama ba baƙon abu ba ne ga iyayenmu. Su ne suka tashi da Rediyo ELWA, wadda mishan ɗin SIM ya buɗe a Laberiya a 1954, da shirye-shiryen Muryar Bishara da ake haɗawa a Jos a watsa daga Addis Ababa, har gwamnatin soja ta Habasha ta ƙwace tashar a 1977. Waya ta gaji rediyo ke nan, illa dai a rediyo akwai masu tace abin da za a faɗa, a WhatsApp kuwa kowa limamin kansa ne.

Bin sawun wa'azin

Na koma kan bidiyon da takarda da biro. Ayoyi biyu mai wa'azin ya dogara da su. Ta farko Fitowa 20:5, inda ake maganar alhakin iyaye yana kaiwa ga 'ya'ya har tsara ta uku da ta huɗu. Ta biyu daga 2 Korintiyawa sura 9, inda Manzo Bulus ya yi misali da shuka da girbi.

Ba zan ɓoye ba, ayar Fitowa tana da nauyi, kuma malamai sun daɗe suna muhawara a kanta. Na buɗe STEP Bible, wani shafi na kyauta da cibiyar Tyndale House ta Cambridge a Ingila ta samar, inda mutum ke taɓa kalma ya ga asalinta da Ibrananci ko Helenanci, da duk wuraren da aka yi amfani da ita, ko da bai iya harsunan ba. Na tarar babu kalmar la'ana a ayar. Kalmar da ke wurin tana ɗauke da ma'anar ziyarta ko kulawa da lamarin mutum, kuma ita ce aka yi amfani da ita a Farawa 21 lokacin da Allah ya tuna da Saratu ta sami ɗa. Ayar tana magana ne a kan masu ƙin Allah, wadda ke biye da ita kuma tana maganar ƙauna ga dubbai. Mai wa'azin bai karanta ta shida ba.

Shafin ya kuma nuna mini wasu wurare masu alaƙa. Ezekiyel sura 18 kamar don tambayar Mama aka rubuta ta: annabin ya kawo misalin kaka da ɗa da jika, ya nuna cewa jikan da ya ga laifin ubansa ya ƙi bin sawunsa ba zai ɗauki alhakin uban ba. A Yahaya sura 9 kuwa, almajirai sun ga mutumin da aka haifa makaho, suka tambayi Yesu ko zunubinsa ne ko na iyayensa, ya ce musu ba ko ɗaya.

Maganar iri ta fi sauƙi. Wanda ya karanta sura 8 da 9 gaba ɗaya zai ga gudummawa ce Bulus yake tarawa domin matalautan masu bi a Urushalima, har ya nemi wakilan ikilisiyoyi su raka kuɗin don kada a zarge shi. Kuɗin daga masu hali yake tafiya zuwa ga mabuƙata. A bidiyon Mama kuwa, daga hannun uwar majinyaci zai tashi zuwa asusun mai wa'azi.

Na kuma sami wata sanarwa a shafin ƙungiyar Lausanne, wadda malaman tauhidi na Afirka suka fitar bayan zaman da suka yi a Akropong ta ƙasar Gana a 2008 da 2009, a kan koyarwar da ke ɗaura lafiya da arziki a kan bayar da kuɗi. Abin da ya burge ni shi ne adalcinsu. Sun yarda Allah yana warkarwa, sun yarda talauci ne ke kai mutane ga irin wannan koyarwa, sannan suka yi tir da masu mayar da baiko ciniki. Da Turanci na karanta ta, kuma a nan ne matsalar take.

Inda Hausa ta tsaya

Da zarar mutum ya wuce karanta nassi ya shiga neman bayani, sai Hausa ta yi ƙaranci, Turanci ya cika wurin. Ga kaɗan daga abin da ke akwai, duka kyauta.

BibleProject, da aka kafa a Portland a 2014, suna yin gajerun bidiyo na zane da ke bayyana tsarin kowane littafi. Wurin farawa ne mai kyau. Thirdmill suna da darussa irin na makarantar tauhidi, bisa fahimtar ɗarikar Reformed. Shafin fadar Vatican yana ɗauke da Katekizim na Katolika na 1992 cikakke. Jami'ar Yale ta saki laccocin Christine Hayes a kan Tsohon Alkawari da na Dale Martin a kan Sabon Alkawari. Su nazari ne na tarihi irin na jami'a, ba wa'azi ba, kuma za su girgiza wanda bai shirya ba. Christian Classics Ethereal Library ta Jami'ar Calvin a Michigan ta tara rubuce-rubucen magabata. A can na gane cewa manyan ginshiƙan tauhidin Kirista da yawa 'yan nahiyarmu ne: Tertullian na Carthage a Tunisiya ta yau, wanda ake danganta masa fara amfani da kalmar Triniti da Latin, Athanasius na Iskandariyya a Masar, wanda ya kare matsayar taron Nicaea na shekarar 325, da Augustine, wanda aka haifa a 354 a Aljeriya ta yau, ya rasu a 430 yana bishop na Hippo, inda birnin Annaba yake yanzu.

Kowane shafi yana da gidan da ya fito. Wannan ba aibi ba ne, amma ya kamata mai karatu ya sani, kamar yadda ba a sayen magani sai an duba kwalin.

Shafin da ya fi taɓa ni shi ne Dictionary of African Christian Biography, wanda Jonathan Bonk ya fara a 1995, yanzu yana ƙarƙashin Jami'ar Boston. Tarihin rayuwar Kiristocin Afirka ne, manya da ƙanana. A nan na karanta labarin Byang Kato, ɗan Kwoi a kudancin Kaduna, wanda aka haifa a 1936, ya yi digirin digirgir a Dallas, ya zama babban sakataren ƙungiyar masu bishara ta Afirka da Madagaska, ya rasu a teku kusa da Mombasa a Disamban 1975 yana da shekara 39. Shafin yana da Turanci da Faransanci da Fotugis da Swahili, amma Hausa ba ta ciki.

Ba malamai muka rasa ba. Kwalejin Tauhidi ta TCNN a Bukuru tana koyarwa tun 1959, JETS a Jos tun 1980. Yusufu Turaki da Samuel Waje Kunhiyop sun yi rubutu mai zurfi a kan al'adunmu da bangaskiya. A 2006 malaman Afirka saba'in suka fitar da Africa Bible Commentary ƙarƙashin jagorancin Tokunboh Adeyemo. Sai dai yawancin wannan ilimi da Turanci aka rubuta shi, alhali dubban majami'u daga Kafanchan zuwa Malumfashi, daga Gombe zuwa Maraɗi, da Hausa suke sujada. 'Yan'uwanmu na Nijar nasu ya ninka, domin bokonsu Faransanci ne. Ko littafin Barbara Cooper na 2006 a kan tarihin Kiristocin Maraɗi da Turanci yake. Marigayi Lamin Sanneh, ɗan Gambiya da ya koyar a Yale, ya nuna a littafinsa na 1989, Translating the Message, cewa Kiristanci ya yaɗu ne ta hanyar shiga harsunan mutane. A Hausa an fassara nassin, amma bayaninsa bai biyo shi da yawa ba. Giɓin nan ne mai bidiyon Mama ya samu ya shiga, don shi ya yi mata magana da harshen da take tunani da shi.

Na gwada gajeriyar hanya, na zuba sakin layi na tauhidi a manhajar fassara. Abin da ya fito Hausa ce a ido, amma da na karanta da ƙarfi ni kaina ban gane ba. Kalmomi irin su alheri, fansa, barata da tsarkakewa suna da ma'anar da majami'a ta ɗora musu shekara da shekaru, na'ura kuwa ba ta taɓa zama a ajin baftisma ba.

Ga 'yan'uwa Musulmi

Na san yawancin masu karanta wannan mujalla Musulmi ne. Ina da ƙawa Bakatsiniya da muke haɗuwa a tashar jirgin ƙasa ta Largo, mu tafi makaranta tare. Ranar da muka fara gaisawa ta yi mamakin jin Bahaushiya Kirista, yau kuwa ita ke ajiye mini ƙosai a watan azumi. Da na ba ta labarin bidiyon, sai ta yi dariya ta ce, “Ƙawata, mu ma muna da irinsu, sai dai su ce sammu ne, a kawo kuɗin rubutu.”

Ta taɓa tambayata me ya sa muke kiran makarantunmu na tauhidi alhali muna maganar Triniti. Tambaya ce mai kyau. Kalmomin addini da yawa tare muke amfani da su: Allah, annabi, mala'ika, zunubi, tuba, alkawari. Amma tauhidi a bakinta kaɗaita Allah ne, a bakina kuma sunan fannin nazarin sanin Allah ne gaba ɗaya. Kirista ya gaskata Allah ɗaya ne, Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Musulmi bai yarda da wannan bayani ba. Mun bar shi a haka, kowa ya san ainihin inda ya bambanta da ɗan'uwansa. Shawarata ga mai son sanin abin da maƙwabcinsa ya gaskata ita ce ya karanta daga majiyar masu addinin, ya bar gutsattsarin bidiyon muhawara da aka yanka don a kunyata wani. Ni ma ƙa'idar da nake bi ke nan idan ina son fahimtar Musulunci: ita nake tambaya wane littafi zan duba.

Kafin ka tura wa wani

Makon nan ya koya mini tambayoyi huɗu da nake yi wa kowane shafi ko bidiyo. Wane ne a bayansa, kuma ya bayyana ɗarikarsa da abin da ya gaskata? Me yake nema a wurina, musamman idan lambar asusu ta fito kafin bayani ya ƙare? Ayar da ya kawo, idan na karanta surar duka, maganarsa tana nan a tsaye? Akwai wanda yake sama da shi, majami'a ko makaranta, da za ta iya tsawata masa idan ya kauce? Ga mazauna wannan yanki kuma, kada a manta da takarda: duk wanda ya kai shekara 16 yana iya karɓar katin karatu kyauta a Laburaren Majalisar Dokokin Amurka da ke Washington, inda akwai sashen Afirka da Gabas ta Tsakiya.

Ranar Asabar na kira Mama. Ban yi mata lacca ba. Na tura mata Yahaya sura 9 a murya, na karanta mata Ezekiyel 18 da bakina, a hankali, na bayyana mata maganar gudummawar Urushalima kamar yadda zumuntar mata ke tara hatsi don gwauraye. Ta yi shiru har na zaci layin ya yanke. Can ta ce, “To, ashe an riga ni yin tambayar.” Na kuma roƙe ta ta kai maganar gaban fastonsu, don shi yake ganin fuskarta, ni ina nesa. Ta je, ya zauna da ita. Ranar Litinin aka sayo maganin.

Ƙanena bai warke ba. Watan jiya ma ya kwana uku a asibiti, Mama kuma ta turo sabuwar tambaya, wannan karon a kan Ayuba, da dalilin da ya sa mai adalci yake shan wuya. Ba ni da amsar da za ta rufe wannan, malaman da na karanta ma ba su ce suna da ita ba. Abin da nake yi yanzu shi ne, duk daren Juma'a in karanta abu guda, in nemi Hausarsa, in naɗi saƙon murya na minti biyar in tura mata. Ta ce tana kunna wa matan zumunta bayan sujada, kuma sun gyara mini kalmomi biyu da suka ce Hausar 'yan boko ce.

Mu da muke karatu a waje muna da intanet mai ƙarfi da laburare da Turanci. Idan akwai ɗalibin tauhidi ko fasto mai jin Hausa a Maryland ko Virginia ko Landan ko Paris da yake karanta wannan, ina neman wanda zai riƙa duba mini saƙonnin kafin in tura. Na Ayuba yana nan a wayata, sau uku ina naɗa ina gogewa.